Katanga Ya Ci Gida

Shayin bai shiga kofi ba. Katanga ya karkata buta, ruwan zafi na kwarara a kan tebur gefe da kofin, shi kuwa yana ta zubawa hankali kwance kamar mai ganin abin na cika.

"Tsaya!" Matarsa ta fizge butar daga hannunsa. "Ina kake zubawa?"

"A kofi mana."

"Wane kofin?"

Ya ƙura wa teburin ido. Sai ya sa tafin hannu ya rufe ido ɗaya, ya sake dubawa. "Au," ya ce a hankali. "Ashe na hagun ne na gaske."

Kofi ɗaya ne a kan teburin.

Haka abin yake tun wasan kulob na ƙarshe. An bugo kwana, ya tashi sama tare da ɗan gaban abokan karawa, kai ya haɗu da kai, har 'yan kallon da ke can sama suka ji ƙarar. Aka ciccibi wancan aka fita da shi. Katanga kuwa ya miƙe, ya kaɗe wandonsa, ya ƙarasa wasa, domin shi ɗan wasan baya ne, kuma tun da ya fara taka leda ba a taɓa ganinsa kwance yana jiran a ɗaga shi ba. A ɗakin canza kaya ne ya yi amai a kan takalmansa, ya ɗago ya tambayi mai tsaron raga wa ya ci wasan. Likitan kulob ya haska masa fitila a ido, ya ce ƙwaƙwalwa ta girgiza. Ya sallame shi gida da sharaɗi: ɗaki mai duhu, ba gudu, ba talabijin, ƙwallo kuwa ko a mafarki.

Gidan shi ya gina shi, amma cike yake da masu iko da shi: mahaifinsa, mahaifiyarsa, da yayansa da ke riƙe masa harkoki, har unguwa ta laƙaba masa Manaja. Matarsa tana koyarwa a firamare, don haka kowa Malama yake ce mata, na waje da girmamawa, na cikin gida da wata manufa.

Tana cikin goge teburin aka banko ƙofa ba sallama. Manaja ne, waya a hannu, gumi a goshi.

"Tashi! Tashi ka ji! Tawagar ƙasa! Mai lamba biyar ɗinsu ya karye, koci da bakinsa ya ce kai za ka fara." Ya yaye labulen taga da ƙarfi. "Wane irin duhu ne wannan, kamar an yi mutuwa?"

Haske ya daki Katanga a fuska. Ya sunkuyar da kai ya dafe ƙeya.

"Yaya," in ji Malama, "mutumin nan abu biyu yake gani. Yanzun nan ya zuba shayi a tebur."

"To sai me? Ni ma in na tashi daga barci ina zubarwa."

"Likita ya ce..."

"Likita a ƙarƙashin shugaban kulob yake cin abinci, kuma mun gama magana da shugaba. Ke kuma, da na shigo, sunanki na kira? Nan ba aji ba ne, Malama. Ajiye alli."

Da la'asar Baba ya tara su a falo. Bangon falon duk hotunan Katanga ne: ga shi a rigar kulob ɗin farko yana siririn saurayi, ga shi a ta biyu, ga shi da kambun kyaftin yana ɗaga kofi. A tsakiya akwai ƙusa da ba a rataya komai a kanta ba. Kowa ya san ta rigar ƙasa ce. Sau biyu ana kiran Katanga sansani, sau biyu ana sallamo shi ana gobe wasa, Baba kuma bai cire ƙusar ba.

"Na ji wai kanka na ciwo," in ji Baba.

"Yana ɗan juya mini, Baba."

"Yana ɗan juya maka." Tsohon ya yi dariyar da ba ta kai ido ba. "Ni da na tsare wa unguwar nan baya, ƙwallon fata muke bugawa. In ta sha ruwa, dutse ce. Ka sa mata kai ka ga taurari da rana tsaka, ka tofar da yawu ka koma. Wa ya taɓa kai mu ɗakin duhu? Kai da ƙwallo ake gyara shi. Ƙarfe in ka ajiye shi tsatsa yake yi."

"Baba, ku yi haƙuri," in ji Malama daga bakin ƙofa, a durƙushe. "In ya sake buguwa a haka..."

Baba bai dube ta ba. Ɗansa ya duba. "Kai, yaushe matarka ta zama bakinka?"

Tsohon ya ci gaba.

"Shekarunka sun ja. Wannan kiran in ya wuce, ba wani. Masu neman 'yan wasa daga waje za su zauna a filin nan, yayanka ya sha wahala kafin ya jawo hankalinsu. Na riga na faɗa wa mutane. So kake in koma in ce musu me? Ɗana na kwance, matarsa na masa fifita?"

"Zan je, Baba."

"Da ma ba tambayarka na yi ba."

Washegari da safe aka fara maganin. Manaja ya fito da shi tsakar gida, ya tsaya nesa kaɗan da buhun ƙwallaye. Baba ya ja kujera ya zauna a inuwa.

"Sa kai!"

Ƙwallon farko ta wuce ta gefen kunnensa ta daki tankin ruwa.

"Kai, makaho ne? Sa kai!"

Ta biyu ta same shi a hanci. Ta uku ya rufe ido ɗaya ya same ta da goshi, ƙafafunsa suka lanƙwashe, ya dafa bango.

"Yauwa!" Baba ya tafa. "Ka gani? Ya fara dawowa. Ƙara masa ƙarfi."

Malama na tsaye a ƙofar kicin da jakar makaranta a kafaɗa. Kowace ƙwallo ta sauka, sai ta ji a cikin haƙoranta. Da ya tafi bayan tanki ya sunkuya, ta san me ya kai shi. Ta bi shi da ruwa.

"Bar shi," in ji Manaja. "Dattin ciwon ne ke fita."

Haka aka yi ta yi kowace safiya. Da yamma kuma Manaja ya kulle ƙofa su biyu a falo, ya koma likita. Ya san za a gwada 'yan wasa a sansani, kuma ya bi ya gano irin gwajin.

"Likitansu zai ɗaga yatsu ya ce nawa kake gani. Duk abin da ka gani, raba shi biyu. Nawa ne nan?"

"Huɗu... biyu."

"Kada ka ce huɗun a fili, wawa! A zuci za ka raba. In ya ce ka tsaya da ƙafa ɗaya, ka kafa idonka a kan abu guda, ka ciji harshe. In ya ce kana ciwon kai?"

"A'a."

"Kana jiri?"

"A'a."

"Ka taɓa buguwa kwanan nan?"

"Ɗan karo ne, na ƙarasa wasa."

"Madalla. Yi murmushi in kana faɗa."

Malama ta ji su ta taga. Ta koma ɗaki ta lalubo lambar likitan kulob a wayar mijinta. Har ta fara ƙara aka murɗe mata hannu ta baya. Manaja ya karɓe wayar, ya miƙa hannu ya ɗauke tata ma daga kan gado.

"Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga," ya ce. "Ashe ƙadangaren a cikin ɗaki muke kiwonsa. Za ki karɓa bayan wasa."

Ta nufi wurin surukarta. Inna na zaune tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ɗago ba.

"Inna, ɗanki ne. Ke kika haife shi. Jiya sai da ya tambaye ni sunan kocinsa, mutumin da suke tare shekara da shekaru."

"Ni na haife shi, shi ya sa na fi ki sanin kansa. Tun yana ƙarami ya faɗo daga bishiya, ya tashi ya ci abinci." Ta watsar da tsakuwa. "Ina yi masa addu'a. Ke kuma ki rage yawan baki, baki shi ke yanka wuya. Kullum ciwo, ciwo, har sai kin kira masa shi."

"Ba ni na kira shi ba, Inna. A tsakar gidan nan ake jefa masa shi kowace safiya."

"To fita min daga ɗaki."

Ranar tafiya Katanga na zaune a bakin gado yana fama da igiyar takalmi. Sau nawa yana kai bakin igiyar ramin, tana wucewa ta gefe. Malama ta durƙusa ta karɓa.

"Kyaftin," ta ce, haka take kiransa in su biyu ne, "in ka isa, ka faɗa wa likitansu gaskiya. Kalma ɗaya. Ba wanda zai dake ka a can."

"Kin san aikina?" Muryarsa ta yi nauyi kamar ta mai barci. "Ɗan gaba in ya ɓarar da goma ya ci ɗaya, gwarzo ne. Ni in na tare goma, ɗaya ta wuce, ita za a tuna. Ba a koya mana cewa ba za mu iya ba. In ka ga ƙafa ta taho, kai kake sawa."

"Wannan ba fili ba ne. Kanka ne."

"Baba ya ari kujerun masu zuwa kallo."

"Kujeru!" Ta ja igiyar har ta kusa tsinkewa. "Saboda kujerun aro za ka ba da kanka?"

Ya yi murmushi, irin wanda Manaja ya koya masa. A waje mota ta yi ham.

Ya ci gwajin. Manaja ne ya kawo labari, yana taka rawa a tsakar gida.

Ranar wasa aka fito da babbar talabijin ƙofar gida, aka jera kujeru har bakin titi. Unguwa ta taru. Baba na tsakiya cikin sabbin kaya, duk wanda ya zo sai ya durƙusa ya ce, "Baban Katanga, barka!" Da aka nuno 'yan wasa a jere ana taken ƙasa, kyamara ta tsaya a fuskar mai lamba biyar, ihu ya tashi har tsuntsaye suka watse daga kan wayar lantarki. Malama na leƙe ta tagar ɗakinta. Ita kaɗai ta lura idonsa na dama a ɗan runtse yake.

A rabin farko ya yi abin da ya saba da ƙafa. Ya share, ya tare, ya kwashe wani ɗan gaba da ƙwallo gaba ɗaya. Duk ƙwallon da ta zo ta sama kuwa sai ya bar wa abokin tsaronsa, har mai sharhi ya fara tambaya ko lafiya.

Ana dab da tashi, babu ci, aka ba abokan karawa kwana. Ƙwallo ta taso tana lanƙwasa. Babu kowa kusa da Katanga. Mai tsaron raga ya fito yana ihu a bar masa. Katanga ya tashi sama, ya kai goshi inda babu komai, ƙwallon gaske ta daki gefen kansa, ta canza hanya, ta wuce ta saman hannun mai tsaron raga ta kwanta a raga.

Titi ya yi tsit. Sai muryar mai sharhi kaɗai: "Ya ci gida! Katanga ya ci gida!"

A talabijin an nuno shi tsaye yana waige-waige, kamar wanda aka sauke a tashar da bai sani ba.

Wani ya tashi ya harba kujera. Wani ya ce, "Sayar da wasa ya yi, wallahi! Ba kowa a kusa da shi!" Kafin alƙali ya busa tashi, kujerun sun zama fanko. Dutse na farko ya sauka a kan rufin kwano tun ba a gama shigar da talabijin ba.

Baba ya shiga falo ya sauke hotunan ɗaya bayan ɗaya, ya kifa su a bayan kujera.

Katanga ya dawo a motar haya, kwance a kujerar baya, an rufe shi da bargo don kada 'yan unguwa su gane shi. Ba wanda ya fito tarbarsa sai Malama. Ta riƙo shi za su nufi ɗakinsu, Manaja ya tare hanya.

"Ba nan ba. Tagarku na kallon titi, so kike a ƙona mu? Ɗakin baya."

"Ɗakin ajiya? Inda injin wuta yake?"

"Ba duhu likitanki ya ce ba? Ga duhu nan, ya ƙoshi."

Aka shimfiɗa masa katifa tsakanin buhunan siminti da jarkokin mai. Baba ya zo bakin ƙofa sau ɗaya, bai shiga ba.

"Duk ƙasar nan," ya ce, "ba wanda ya tashi tozarta ni sai wanda na haifa. Raga biyu ce a fili. Biyu tak! Ko jaki aka saka ya san tasa."

"Ban gan ta ba, Baba."

"Rufe min baki."

Wani ɗan jarida ya zo da na'urar ɗaukar murya. Manaja ya tarbe shi a zaure, ya sa fuskar tausayi. Malama na jin su daga tsakar gida.

"Lafiyarsa ƙalau ya bar gidan nan, likitocin ƙasa ma sun gwada shi. Mu dai abin da muka sani, hankalinsa ba a kwance yake ba. Ka san in mutum bai samu natsuwa a ɗakinsa ba... To, ba zan ce komai ba, iyali ne. Amma mace in ta sa mutum gaba da mita dare da rana, ko katangar ƙarfe ce sai ta tsage."

Washegari maganar ta fito a rediyo. A makaranta uwar wani yaro ta tofar da yawu a gaban Malama. Shugaban makaranta ya ce ta ɗan huta a gida har ƙura ta lafa.

A ɗakin baya kuwa Katanga na ta raguwa. Barci yake yi kamar an danne shi, in an tashe shi ya ci loma biyu ya dawo da ita. Ya daina cewa kansa na ciwo, sai dai ya riƙe shi da hannu biyu yana lilo. Wata safiya ya kira Malama da "Koci." Wata safiyar cokali ya zame daga hannunsa na hagu, ya bi hannun da kallo kamar na wani ne.

Ta sami Manaja yana wanke mota.

"Yaya, don girman Allah, asibiti. Hannunsa ya fara mutuwa."

"Asibiti." Ya matse soso. "Su ɗauki hoton kai, su ce buguwar ta daɗe, hukumar ƙwallo ta ce an ɓoye mata. Kin san wa za a kama? Ni za a hana harkar har abada, shugaban kulob ya shiga uku, sunan Baba ya ƙarasa lalacewa. Ke ba ruwanki, ki kwashe kayanki ki koma gidanku. A bari ƙura ta kwanta tukuna."

"In ƙurar ta kwanta a kansa fa?"

"Kunya ce ke damunsa, ba ciwo ba. Wanda ya ci gida a gaban duniya ai dole ya kwanta."

"Shi ya ci gida sau ɗaya, bisa kuskure," in ji Malama. "Ku kuwa tun yaushe gida ke cin sa da gangan?"

Ya ɗaga hannu da soson a ciki. Ta tsaya ba ta matsa ba. Ya sauke, ya tofar da yawu. "Daga yau ƙofar waje a kulle take. Makulli na wurina."

Wata rana da hantsi, ta kai masa ruwa ta tarar da shi a ƙasa, gefen katifa, jikinsa na karkarwa, kumfa a bakinsa, dugadugansa na dukan buhun siminti. Ta juya shi gefe, ta riƙe kansa har ya lafa. Ta kira sunansa, bai amsa ba. Ta fito a guje.

Inna ta leƙa ta koma da baya tana salati. "Kada a taɓa shi! A kawo hayaƙi!"

"Makulli, Yaya!" Malama ta tari Manaja.

"Ki bari ya farfaɗo, in rana ta faɗi sai a nemo wani ya duba shi a gida, a rufe."

Malama ta juya. Ta ɗauki taɓarya daga kicin ta nufi ƙofar waje. Ba kwaɗon ta daka ba, ƙofar ƙarfen kanta ta shiga duka, tana kururuwa da iyakar muryarta: "Jama'a! Za a kashe mutum a gidan nan! Jama'a, ku kawo ɗauki!"

"Ke mahaukaciya ce?" Baba ya fito ba hula. "Za ki tara mana mutane?"

"Ai kun saba tara su, Baba! Da kujeru ma!"

Kafin Manaja ya ƙwace taɓaryar, titi ya cika. Ana dukan ƙofa daga waje. Wani mai tasi da ke fakin a bakin layi ya hau kan katanga ya leƙo.

"Lafiya? Wa za a kashe?"

"Rikicin mata ne," in ji Manaja. "Sauka, malam."

"Katanga ne!" Malama ta yi ihu. "Yana ɗakin baya yana mutuwa, sun hana a kai shi asibiti!"

Manaja ya dubi fuskokin da suka fara bayyana a saman katanga. Ya zaro makulli.

Mutum huɗu suka ɗauko shi. Waɗanda suka jefi rufin gidan suna cikin masu buɗe hanya. Suka ga ƙaton da ke tare 'yan gaba da ƙirji ya zama kamar tsumma, hannu ɗaya na reto, wando a jiƙe.

A asibiti aka wuce da shi ɗakin tiyata kai tsaye. Jini ne ya taru a cikin kai yana danne ƙwaƙwalwa. Aka buɗe aka zuƙe. Ya rayu.

Da ya farfaɗo har ya iya magana, likitar da ta yi aikin ta tara su a gefen gadonsa. Baba da Manaja sun zo, domin yanzu idon gari na kansu. Kan Katanga naɗe da bandeji, bakinsa ya ɗan karkace.

"Zan faɗa muku yadda abin yake," in ji likitar. "Ƙwallo ta ƙare. Hannun zai iya dawowa in an dage da gashi da motsa jiki. Idon ban yi alkawari ba." Ta dube su ɗaya bayan ɗaya. "Amma akwai abin da nake son sani. Wannan ba bugu ɗaya ba ne. Akwai tsohon jini, akwai sabo a kansa, akwai na tsakani. Kamar wanda aka yi ta dukan wuri ɗaya. Bayan karon farko, wa ke kula da shi?"

Baba ya dubi silin. Manaja ya shiga gyara agogon hannunsa.

"Ni ne."

Muryar daga kan gado ta fito, a hankali, kalmomin na jan ƙafa.

"Ni na ɓoye, likita. Ba wanda ya sani a gida. Ni kaɗai nake fita... ina sa kai. Sun hana ni, na ƙi."

Manaja ya saki numfashi. "Kin ji ko? Taurin kai gare shi tun yana yaro. Mun yi, mun yi."

"Ƙaddara ce," in ji Baba. "Wa ya isa ya tsallake abin da aka rubuta masa?"

Malama ta dubi mijinta. Ƙafa ta taho, ya sa kai. Ko a gadon asibiti, da rami a ƙoƙon kansa, bayan gidan yake tsarewa, su kuwa sun tsaya a bayansa suna gyara riga, kamar yadda suka saba.

"Ƙarya yake yi, likita," ta ce.

"Ke!" in ji Baba.

"Ƙarya yake yi, kuma su suka koya masa, har da murmushin. Wannan shi ke jefa ƙwallon. Wannan shi ke zama a kujera yana cewa a ƙara ƙarfi. Tsakar gida, kowace safiya. Maƙwabta sun ji ƙarar, a tambaye su. Zan faɗa a nan, zan faɗa wa hukumar ƙwallo, zan faɗa wa ɗan jaridar da aka gaya wa ni ce na tsaga katanga."

"In kika yi haka," in ji Manaja ta cikin haƙora, "kin gama zama a gidanmu."

"Gidanku?" Ta yi dariya mai ɗaci. "Ku riƙe. Daga nan ba can za mu koma ba."

Likitar ta buɗe ƙofa ta tsaya a gefe. "Ku biyun ku fita. Kada ku yi nisa, akwai masu son magana da ku."

Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya waiwayo, yana jiran ɗansa ya ce wani abu, ya tsawata wa matarsa, ya sake tare masa. Katanga ya buɗe baki. Malama ta ga maganar na tahowa.

"Kyaftin," ta ce, "an busa. Wasa ya tashi. Fito daga fili."

Ya daɗe yana kallon ƙofar. Sannan ya rufe bakinsa. Likitar ta ja ƙofa ta rufe a kan fuskar tsohon.

Katanga ya ɗaga hannunsa mai lafiya yana neman nata. Ya miƙa shi gefe, inda babu kowa, ya damƙi iska. Malama ba ta ce masa ya yi kuskure ba. Ta matsar da hannunta zuwa inda yake ganinsa.